Neman Gilashin da Zai Jawo Fuskar Yaya Idi

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya biyo ta ƙofar shagon hotona a Maraɗi sai ya ja benci ya ce, "To Laminu, ba mu labarin Faransa." Na ba mai shayi, na ba tela, na sake ba mai shayi don ya ce rannan ruwa na tafasa bai ji ƙarshe ba. Har an soma ƙara mini abin da ban yi ba. Jiya wani ya rantse wai kulle ni aka yi a Lyon saboda na auna ɗan sanda da bindiga. To ga shi na rubuta sau guda, kowa ya karanta, bakina ya huta.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yayana Idi ne sanadi, wanda ku kuka sani da Turmi a filin kokowa. Shi ne ɗan farin Inna, kun kuwa san yadda abin yake a wurin iyayenmu mata. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa. Kakarmu ce ta yaye shi ta riƙe shi. In ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta kawar da kai gefe ta amsa a taƙaice. Ba ta taɓa taka filin kokowa ba. Ranar da zai yi karo cewa take a kashe rediyo, sannan ta koma kusa da katangar maƙwabta wai tana neman inuwa, alhali tasu rediyon take saurare.

Shi kuma Yaya Idi bai yarda a matso shi da aparai ba. Aparai shi ne abin ɗaukar hoto, ga waɗanda ba su san sunansa ba. Malaminsa ya ce masa idon aparai in ya yi kusa yana shanye ƙarfin laya. Ni ban yarda da wannan magana ba, amma ba na gardama da mutumin da ke ɗaga buhun gero da hannu guda. Saboda haka daga bayan shinge nake ɗaukarsa kamar kowa, hoton ya fito da ƙasa mai yawa, da sama mai yawa, da wasu ƴan mutane biyu a tsakiya. Wata rana ina jera irin waɗannan hotuna a tsakar gida, Inna ta ɗauki guda, ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta ajiye. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wannan sana'a taku dai. Mutane kamar tururuwa, ba a gane kowa." Na san wanda take nema a ciki, kuma wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Ana nan sai Yaya Idi ya ce gwiwarsa ta gaji, kokowar bayan kaka ita ce ta ƙarshe. Ke nan in ban same shi a wannan karon ba, Inna ba za ta taɓa ganin yadda ɗanta yake a fili ba. Abin da nake bukata shi ne dogon zum, gilashin da ake ɗaura wa aparai a gaba ya jawo na nesa, kana iya matso da shi ko ka mayar da shi baya kana tsaye wuri guda. Na bincika Yamai, na aika Kano, ban sami wanda ya kwanta mini ba. Sai ga Alhaji Mati, ɗan wan babanmu da ke fataucin shadda da takalma a Paris, ya zo ganin gida. Ya ce, "Kai dai biyo ni. Can gilashi har a bakin titi ake zuba shi. Ka taya ni ɗaukar kaya, ni in kai ka." Na sayar da babur ɗina na bi shi.

Kar ɗin, wato babbar motar fasinja, da muka shiga zuwa Yamai ta yi faci kusa da Dogon Dutsi, muka sauka muka ci ƙosai har aka gyara. Wannan ba komai ba ne. Matsalar tana cikin akwatina. Da aka ji zan tafi, duk mai ɗan'uwa a Faransa sai da ya kawo saƙo: kilishi, yaji, kuka, daddawa, har da wata tsohuwa da ta kawo tsintsiya wai ta can ba ta shara. A filin jirgin Paris ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya ce in buɗe. Ya kwashe kilishin kaf, ya ce nama ba ya shiga. Ya kwance ƙullin yaji ya kai hanci, sai atishawa, har hularsa ta karkace. Da ya zo kan daddawa shinshinawa guda ya yi, ya mayar da sauri, ya rufe akwatin da kansa ya ce mu wuce. Alhaji yana gefe yana dariya har da riƙe ciki, ko kalma bai taimake ni da ita ba.

Muna fita waje sanyi ya mare ni. Ni da na ci ado da babbar riga don kada a raina Maraɗi, sai ga haƙorana suna haɗuwa. Alhaji ya ciro wani tsohon kwat nasa ya ɗora mini a kan rigar. Haka na shiga Paris, sama Bature, ƙasa limamin ƙauye.

Masaukinsa yana unguwar Goutte d'Or, inda in ka rufe ido ka saurara sai ka rantse kana wata kasuwar Afirka. Larabawa, mutanen Mali, ƴan Senegal, ga namu jefi-jefi. Ɗakin yana can ƙololuwar bene, matakalar kuwa ko da rana duhu ce. Washegari na sauko ni kaɗai, na danna fitila, ina tsakiyar hanya sai ɗif. Na ce a raina, ashe su ma ana ɗauke musu wuta. Na zauna a kan matakala ina jiran a kawo, yadda muke yi a gida. Na jima a nan har wata mata ta fito da karenta, ta danna, haske ya dawo, ta gan ni zaune cikin kwat, ta ƙwalla ƙara, kare ya taya ta. Daga baya Alhaji ya gaya mini fitilar da kanta take mutuwa don kada a yi ɓarna, in ta mutu sai ka sake dannawa. Su mutanen nan ko haske aune suke ba ka shi.

Abinci dai alhamdu lillahi. Da safe dogon burodi da kafe, da dare Alhaji ya tuƙa tuwon semul da miyar kukar da na tsallako da ita. Abin da ya fi ba ni mamaki rashin gaisuwa. A metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, mutum zai zauna gwiwarsa na gogar taka, amma ko kallo ba ka ishe shi ba. Karnuka kuwa har riga ake sa musu. Na ga wani kare da rigarsa ta fi kwat ɗina kyau.

Akwai wani dogon titi da shagunan kayan hoto suka jeru a kansa, can Alhaji ya kai ni. A shagon farko na yi sallama, na soma tambayar mai shago gajiya da iyali da sanyi, bai bari na kai kan kasuwa ba ya ce, "Monsieur désire?" wato me nake so. Alhaji ya rigaye ni, ya ce, "Babban cikinsu za ka ɗauko. Mu ba mu zo da wasa ba." Aka ɗauko wani mai tsawon taɓarya, nauyi kamar na jaririn da ya ƙoshi. Mai shago ya ɗaura shi a kan ƙafafu uku a bakin ƙofa, ya nuna mini agogon wata majami'a can ƙarshen titi. Na kai ido. La ilaha illallahu! Agogon ya taso ya tsaya a gabana, har tsatsar da ke jikin hannunsa ina gani. Na ɗago kai na duba da idona, na sake leƙawa. Na yi haka ya fi a ƙirga, mai shago yana duban agogon hannunsa.

Sai aka zo ciniki. Alhaji ya ji kuɗin, ya riƙe baki, ya taya rabi. Mutumin ya ce farashin a rubuce yake. Alhaji ya ƙifta mini ido ya ce, "Taso mu tafi, yanzu zai kira mu." Muka fita muna tafiya a hankali don kada mu yi masa nisa. Muka kai kwana muka tsaya. Shiru. Na leƙa, sai na ga mutumin ya mayar da gilashin cikin akwati, ya zauna yana cin tuffa. Alhaji ya ce, "Shekara da shekaru ina garin nan, har yau ban saba da rashin tarbiyyarsu ba."

A wani shagon an nuna mini gajere mai ƙiba, mai madubi a ciki, mara nauyi, yana jawo nesa sosai amma ba ya matsawa gaba ko baya, kuma in ka leƙa sai ka ga kamar magariba ta yi. A wani kuma aka nuna mini mai zobe biyu, ɗaya na jawowa, ɗaya na daidaita gani. Ko'ina gwajin iri guda ne: ka tsaya a bakin ƙofa, ka auna allo ko agogo ko bututun hayaƙi. Duka kuwa suna da kyau a kan agogo. Amma agogo ba ya kokowa. Yaya Idi in ya shiga fili ba ya tsayawa, yanzu yana gabas, kafin ka haɗiye yawu yana yamma da mutum a kafaɗa. Na gwada bin wani dattijo mai tafiya da gilashin, matarsa ta hango ni ta zo har bakin shago tana zazzaga mini faɗa. A gida mutum in ya ga aparai gyara hula yake yi ya kira ƴaƴansa, a can kuwa kamar ka zage shi.

Ranar na koma masauki jikina a sanyaye. Babur ya tafi, kaka ta kusa ƙarewa a gida, ni kuma ban san wanda zan ɗauka ba. In na ɗauki wanda bai dace ba, babu dawowa canji. Alhaji ya ga na kasa cin tuwo, ya ce, "Kai, kada ka mutu mini a ɗaki. Bari in kira Garba a Lyon, shi ya san kowa."

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar an biyo shi. Wata tsohuwa da ke zaune gabana ta buɗe ƙunshi ta miƙo mini cuku. Na karɓa don kada ta ji kunya. Warinsa ya tuna mini da ɗan duwan da daddawa, na ce to, an rama. Na ci kuwa, kuma ba laifi.

Malam Garba ya tarye ni a tasha. Bagobiri ne na Tibiri, ƙato, da zanensa raɗau daga baki har kunne, yana lodin kwalaye a wani babban sito. Tare da shi akwai Saini, Bazabarme, siriri, ɗalibi mai karatun aikin ruwa, wanda ke zuwa gidan Garba duk ƙarshen mako. Tun a cikin bas suka fara.

"Ka ga wannan," in ji Garba, "bawana ne. Yunwa ke koro shi wurina."

"Ƙarya yake, Malam Laminu," in ji Saini. "Zuwa nake in duba ko dukiyata na nan lafiya. Dubi fuskarsa, kakana ne ya yi mishi shaida don kada ya ɓace."

Kun san wasan Gobirawa da Zabarmawa. A nan ne na ji na iso gida. Garba yana zaune a Vénissieux, unguwar Minguettes, inda benaye suke tsaye zanƙal-zanƙal duk kamarsu ɗaya. Ya ce a watansa na farko ya sha sa makulli a ƙofar wasu. Ya dafa mana shinkafa da wake, muka zuba yajin Maraɗi, Garba ya ci yana hawaye, ya ce yajin ne.

Ranar Asabar suka kai ni wani ɗan shago kusa da kogi, na wata dattijuwa da ke sayar da kayan hoto na hannu. Mijinta kafin ya rasu hoton ƴan ƙwallo yake ɗauka. Ita ce mutum ta farko a ƙasar nan da ta tambaye ni, "Me za ka ɗauka da shi?" Faransancina ya ƙare a wurin, sai kawai na cafki Garba a ƙugu na sa masa ƙafa. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta tambayi nisan shinge da fili, ta tambayi lokacin da ake yi. Na ce manyan karo sai rana ta yi sanyi. Nan take ta ture wani mai madubi irin wanda na gani a Paris gefe, ta ce wannan yana son rana tsaka. Ta ajiye biyu a gabana. Ɗaya irin babban nan na Paris, mai zobe biyu, mai jawowa har milimita ɗari biyar. Ɗayan matsakaici, daga ɗari zuwa ɗari uku, wanda suke kira mai famfo: zobe guda ne mai faɗi, ka tura shi gaba ko ka jawo shi baya, ka murza shi kuma ka daidaita gani, duk da hannu ɗaya. Fentinsa ya ɗan goge a gefe.

Na ce, "Madam, a bakin ƙofa zan gwada?"

Ta ce, "A bakin ƙofa akwai masu kokowa? Tafi da su, ka dawo Litinin." Na bar mata aparai ɗina na biyu a matsayin jingina, na fito ina sa mata albarka da Hausa.

To a ina zan sami ƴan kokowa a Lyon? Muna cin abinci na dubi Garba, na dubi Saini. Garba ya gane, ya ajiye cokali ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau shekara nawa ina neman dalilin da zan kayar da yaron nan."

Lahadi bayan la'asar muka sauka wani filin ciyawa a tsakanin benaye. Na auna nisa irin na shingenmu, na koma bayan wata mota na kafa babban gilashin a kan ƙafafunsa. Garba ya tuɓe riga cikin wannan sanyi, ya ɗaura tawul a kan wando, ya rataya makullan gida a wuya wai laya. Saini ya ƙi cire suwaita. Garba ya ɗaga hannu sama ya fara kirari da iyakar muryarsa: "Sai ni Garba na Tibiri, dodon kwalaye! Ni na ɗauki firiji na hau bene da shi! Ina Bazabarmen da ya ci shinkafata bai gode ba?" Tagogi suka fara buɗewa. Wata Balarabiya daga can sama ta rangaɗa guɗa.

Suka kama. Na leƙa babban gilashin, fuskar Garba ta cika shi, kyau kamar me. Sai suka gusa. Na juya, na same su, gani ya dushe. Na saki zoben jawowa na kama na daidaitawa, kafin in gama sun fita ta ɗaya gefen. Na ji jama'a sun yi ihu, na danna. Da na ɗago kai Saini yana ƙasa, ni kuwa ban ga faɗuwar ba. Na ce a sake. Saini ya ce shi bai zo Faransa don a karya shi ba, Garba ya yi masa alkawarin kaza.

Na cire babban na ɗaura mai famfo, na riƙe a hannu, na durƙusa. Bai jawo su kusa kamar wancan ba, amma ina suka tafi ina biye. Suka matso, na ja baya. Suka yi nisa, na tura. Saini ya shammaci Garba ya sa masa ƙafa, ƙaton nan ya tafi ƙasa tim, tawul ya yi nasa wuri. Na danna ina dariya har aparai na rawa.

Daidai nan aka dafa kafaɗata. Ƴan sanda ne biyu. Wani ne ya kira su, ya ce baƙaƙe biyu suna kashe juna, na uku kuma ya laɓe bayan mota da wani dogon abu. Babu wanda ya kulle ni, ku ji da kyau. Takardu suka duba, Saini ya yi musu bayani da Faransancinsa na makaranta yana haki, ciyawa a gashinsa. Babban cikinsu ya leƙa gilashin, ya ce shi ma yana wasan judo. Ya tambayi Garba yadda aka yi siririn nan ya kayar da shi. Garba ya ce santsin ciyawa ne. Ɗan sandan ya ce a sake ya gani. Haka aka yi karo na uku da alƙali mai kaki, kuma aka tashi ba kaye don duka biyun numfashinsu ya ƙare.

Muna hawa bene Garba ya daina wasa ya ce mini, "Na ga hannunka na rawa, kuma dariya ce kawai. Ranar da yayanka ne a fili, ba dariya za ta kama ka ba. Ka nemi abin da za ka dogara a kai." Na riƙe wannan magana.

Litinin da safe aka wanke hotunan, muka baje su a kan teburin Madam. Na babban gilashin: ga fuskar Garba guda ɗaya mai kyau tun kafin a fara, sauran kuwa ciyawa, gwiwar hannu, rabin tawul, sai wani da ya ɗauko takalmin Saini yana sama shi kaɗai. Na mai famfo wasu sun girgiza, amma akwai guda da Garba ke tsakanin sama da ƙasa, baki buɗe. Madam ta ba ni gilashin ƙara girma. Na duba kuncinsa, sai ga zanen Gobir layi-layi, ana iya ƙirga su. Na ce a raina, in ya nuna zanen Garba daga wannan nisa, zai nuna wa Inna abin da take nema.

Ba zan ɓoye muku ba, babban ya ja raina. Na hango kaina a filin Maraɗi da shi, ana nuna ni da baki. Amma ba don a kalle ni na sayar da babur ba. Na ɗauki mai famfo. Aibinsa guda, in ka sunkuyar da shi zoben yana zamewa da kansa. Madam ta yanko robar tayar keke ta zura masa, ta ce haka mijinta yake yi. Saini ya roƙi hoton faɗuwar Garba, ya ce zai aika garinsu Dosso a rataye a zaure. Da na koma Paris Alhaji ya juya gilashin a hannu ya ce, "Duk wannan tafiya, ɗan wannan ka samo? Da roba kuma?" Bai huce ba sai da ya ga hoton tawul.

Na iso gida ana saura ƴan kwanaki. Na sa aka saro mini sanda mai gwafa, irin wadda ake tokare reshe da ita. Ranar karon na kafa ta a bayan shinge na ɗora gilashin a kai. Garba ya yi gaskiya. Da makaɗa suka ɗauki taken Turmi, ya fito yana taku da layunsa, sai na sake wa sandar nan nauyina duka. Na tura zoben, sai ga fuskar yayana a gabana. Ni kaina ban taɓa ganinsa haka ba, don a gida ba na iya tsura masa ido. Abokin karonsa wani matashi ne daga wajen Tawa. Sun daɗe suna juyawa, rana tana sauka, ina biye da su. Daga ƙarshe gwiwar nan ta ci amanarsa, ya dafa ƙasa. Fili ya kaure. Ni dai ban cire ido ba, ina gani ta cikin hawaye ina dannawa. Ya miƙe, ya karkaɗe hannu, ya kama hannun yaron ya ɗaga sama yana murmushi.

Wannan hoton na ƙarshe shi na wanke babba. Na shiga gida da hantsi, Inna tana tsintar wake a tabarma. Ba a miƙa mata irin wannan a hannu, sai na ajiye shi a gefen faifai kamar na manta, na tafi bakin randa ina wanke hannun da ba abin da ya taɓa. Na ji tsintar wake ta tsaya. Na saci kallo. Ta goge hannu a zane, ta ɗauke shi da hannu biyu. Ba ta kai shi kusa da ido ba, ba ta nisantar ba. Kallo kawai take yi, ta daɗe.

"Laminu."

"Na'am, Inna."

Ta ɗora yatsa a gefen kansa. "Wannan farin, hasken abin naka ne?"

Na matso na duba. "A'a, Inna. Furfura ce."

Ta sake duban hoton. Can ta ce, a hankali, "Yaushe?"

Mu duk mun san da ita shekara da shekaru, ita kaɗai ce ba ta taɓa ɗaga ido ta gani ba. Na koma bakin randa don kada ta ga fuskata.

Da yamma Yaya Idi ya zo gaisuwa yana ɗingishi, ya tsuguna a bakin ƙofa yadda ya saba. Inna ta kawar da kai yadda ta saba, ta amsa a taƙaice. Hoton yana jingine a kan jerenta, inda duk mai shigowa zai gani. Har ya yunƙura zai tashi sai ta ɗaga murya wajen matata a madafa.

"Ke, ba wanda zai kawo kujera ne? Kun bar dattijo a tsugune da ciwon gwiwa."

Yaya Idi ya waiga bayansa yana neman dattijon. Da ya ga ba kowa sai shi, ya sunkuyar da kai. Aka kawo kujerar, ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, bai tashi ba sai da aka kira magariba.